Laccar Yaƙi a Gaban Waɗanda Suka Ga Yaƙi

Mutanen Jere sun san yaƙi iri biyu: wanda aka ba su labari, da wanda ya iske su a gona. Tsakanin biyun akwai shekara ɗari da 'yan kai na kwanciyar hankali, in ka ɗebe tarzomar 'yan Maitatsine da ta taɓa Bulumkutu a 1982. A cikin wannan dogon zaman lafiya ne yaƙi ya koma abin kallo a bayan gilashi, abin da malami zai tsaya yana bayani yara na hamma. Mu da muka yi wayo a Khaddamari kafin 2009, a haka muka same shi. Khaddamari garin manoma ne, hedikwatar ƙaramar hukumar Jere, a gefen Yerwa, wato Maiduguri. Hankalin kowa na kan ruwan Ngadda, yaushe zai sauko fadama, da kuma nawa buhun shinkafa zai yi bayan girbi. Ba wanda ke kwana da tunanin bindiga.

Duk da haka labarin yaƙi na zuwa mana, kuma ba ta ƙofa ɗaya ba. Wadda ta fi kwarjini ita ce ta gidan tarihi. Makarantu kan kwashi ɗalibai a mota a kai su cikin gari, musamman wajajen 18 ga Mayu, ranar gidajen tarihi ta duniya, lokacin da akan shirya lacca a gayyato malamin jami'a ko wani babban jami'i mai ritaya. Za a fara zagayawa da mu a nuna mana kayan mazan da: sulke, lifidi, kwalkwali, garkuwa, takobi, kwari da baka, da tsohuwar bindigar nan da ake ɗura wa albarushi ta baki. Sannan a jera mu a kujerun baya, manya a gaba, a buɗe da addu'a, shugaban taro ya yi jawabin da ya kusa kamo laccar a tsawo, daga nan malam ya miƙe.

Kusan kullum da Mai Idris Alauma ake farawa, kuma ya cancanta. Ya yi mulki daga Birnin Ngazargamu a rabin ƙarshe na ƙarni na 16, ya kuma yi dacen da sarakunan ƙasar nan kaɗan ne suka yi: babban limaminsa, Ahmad bn Furtu, ya zauna ya rubuta yaƙoƙinsa da Larabci, littafi ɗaya a kan shekara 12 na farkon sarautarsa, ɗaya a kan yaƙinsa da Bulala a Kanem. Daga waɗannan littattafai, da kuma takardun da ke ajiye a Istanbul, aka san cewa ya samo bindigogi da Turkawa masu koyar da harbi, ya aika jakadu wurin Sultan Murad na Uku na daular Usmaniyya, ya shigo da raƙuma cikin runduna, ya sa aka yi manyan jirage don ƙetarar da mayaƙa kogin Yobe, ya kuma riƙa gina sansani mai katanga a hancin abokan gaba. Har ƙasar Kano ya kai hari, ya rushe garuruwa masu shinge, amma Dala ta gagare shi. Malami in ya kawo nan yakan ɗaga kai ya nemi Bakano a cikin taro, a yi dariya. Daga nan sai a gangaro da sauri: faɗuwar Ngazargamu a hannun masu jihadi a 1808, tasowar Shehu Laminu al-Kanemi da wasiƙun da suka yi ta musaya da Muhammadu Bello a kan halaccin yaƙar Borno, kafa Kukawa a 1814, da Bature Denham da ya iso a 1823 ya ga barade sanye da sulke ya rasa bakin magana.

Mukan tafa, kuma da gaske muke tafawa. Yaron da littafin makaranta ya cika wa kai da Mungo Park da Lugga, in ya ji cewa kakanninsa sun yi hulɗa da Istanbul tun Turawa ba su san hanyar Tafkin Chadi ba, wani tsayi yake ƙarawa. Ba na raina waɗannan laccoci. Sai dai da Turanci ake yin su, ga masu takalmi sau ciki, kuma duk wanda aka ambata a ciki ko sarki ne, ko kacalla, ko malamin fada.

Ƙofa ta biyu ba ta da kujeru. Tsofaffin mata ne a tsakar gida bayan isha'i, kuma su yaƙi ɗaya suka sani, na Rabe. Su ma ba su gan shi ba, iyayensu da kakanninsu ne suka gani. Ba su riƙe shekara ba, ba su riƙe sunan fagen daga ba. Abin da suka riƙe shi ne yadda ake binne hatsi a rami a share wurin a ɗaure akuya a kai, yadda ake toshe bakin jariri in an ɓuya a ciyawa, da wance da aka tafi da ita Dikwa ba ta dawo ba. In yaro ya ce, "Kaka, to wa ya ci yaƙin?" sai ta ce, "Kai dai, ɗan nan, Allah ya raba ka da gani." Amsar ke nan, ba ƙari.

Malamin lacca shi yana da amsa, kuma labarin ya isa a saurara. Rabe daga Sudan ya taso, ya yi aiki a ƙarƙashin Zubairu Pasha, babban mai fataucin bayi. Da aka murƙushe rundunar Sulaiman ɗan Zubairu a 1879, sai ya yi yamma da 'yan ɗaruruwan mayaƙa, yana ci yana ƙaruwa, har ya ƙulla da Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello, wanda ya auri 'yarsa Hauwa. A 1893 ya shigo Borno. Rundunarsa ba ta kai ta Shehu yawa ba, amma a tsare take, tuta-tuta, kowace da shugabanta, ana fareti ana horo, ga bindiga a hannun wanda ya iya ta. Shehu Hashimi ya tura runduna aka karya ta a Amja, ya fita da kansa aka sake karya shi, Kukawa ta zama kufai. Kyari ya karɓi sarauta ya tari Rabe a Gashegar. Masu tarihi sun ruwaito cewa da farko dakarun Borno ne suka yi rinjaye har suka shiga sansanin Rabe, sai suka shagala da kwasar ganima. Rabe ya tattara mutanensa, ya sa aka zane shugabannin tutoci da bulala, har da ɗansa Fadlallah, sannan ya juyo. Aka kama Kyari, ya ƙi rusunawa, aka kashe shi. Rabe ya zauna Dikwa ya gina fadar da har yau ake zuwa gani, sai ranar 22 ga Afrilu 1900 da Faransawa suka kashe shi a Kusuri, shi da kwamandansu Lamy rana ɗaya suka faɗi. Sunan Lamy ɗin aka sa wa garin da ya koma Njamena a 1973. Fadlallah ya ƙare a Gujba a 1901, Shehu Abubakar Garbai kuma bayan zama a Monguno da Kukawa ya tare a Yerwa a 1907. Wato Maiduguri da kanta 'yar wancan yaƙin ce. Da Kukawa ba ta rushe ba, da wuya Khaddamari ta wayi gari tana maƙwabtaka da babban birni. Farfesa Kyari Mohammed ya yi littafi guda a kan waɗannan shekaru, wanda ya fito a 2006, ga mai son ƙarin bayani.

Akwai kuma 'yan mazan jiya, waɗanda ba sa jiran a gayyace su kafin su yi lacca. Tsohon da ya je Bama ta Asiya, wato Burma, yakan zauna a bakin kasuwa ya ba da labarin daji da ruwan sama da Japanawa, a ce masa "Baba, an fara ke nan," shi kuwa ya ci gaba. Ba mu cika sanin darajarsu ba, alhali a cikin irinsu akwai Chari Maigumeri, ɗan Borno, wanda ya fara soja a hannun Jamusawa a Kamaru, Ingilishi suka kama shi a Garwa a 1915, ya shiga rundunarsu, ya yi yaƙin Habasha da na Burma, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi. Haka nan barikin Maimalari a Maiduguri, da na Kur Mohammed a Bama, da na Abogo Largema a Biu, duk sunayen hafsoshin tsohon lardin Borno ne da aka kashe a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966. Ka tambayi direban Keke Napep da ke kai mutane ƙofar Maimalari kullum wane ne mai sunan, da wuya ya faɗa maka.

Sai Yulin 2009, da rikicin Boko Haram ya ɓarke. Ɗan Borno ba ya bukatar a maimaita masa abin da ya biyo baya, amma saboda mai karatu na nesa: an hana acaɓa a Maiduguri a 2011, an kafa dokar ta-ɓaci a Mayun 2013 aka datse layukan waya, a wannan shekarar kuma matasan unguwanni suka ɗauki gora da adda suka zama abin da ake kira kato-da-gora. Ranar 14 ga Maris 2014 aka kai wa barikin Giwa hari. Gwoza ta faɗi a Agusta, Bama a Satumba, Baga a Janairun 2015. Dikwa ma ta shiga hannu, fadar Rabe ta sake ganin masu bindiga. Jama'a suka kwararo Yerwa da Jere, makarantu suka zama sansanonin 'yan gudun hijira, aka haƙa rami aka kewaye birni, dabarar da muke ji a lacca ana cewa ta mutanen da ce. Wa zai tara jama'a a ɗaki ɗaya don jin labarin Alauma a lokacin da ake tsoron sahun masallaci da cunkoson kasuwa? Taro ya tsaya, kai ɗalibai ziyara ya tsaya.

Mu a Jere, ranar da ba ta gogewa ita ce Asabar 28 ga Nuwamba 2020, ranar da aka yi wa masu girbin shinkafa yankan rago a Koshebe. Washegari aka yi wa mutum 43 sallah a Zabarmari, Gwamna Babagana Zulum na cikin sahu. Ba soja ko ɗaya a cikinsu. Lauje ne a hannunsu, kuma wasunsu 'yan ci-rani ne da suka taho tun daga ƙasar Sakkwato neman na abinci.

Yanzu da abubuwa suka ɗan lafa, taruka na dawowa, amma masu saurare ba su ne na da ba. Yaron da ke kujerar baya ya iya bambanta ƙarar AK-47 da ta bindigar kakkaɓo jirgi da ake girkawa a bayan Hilux tun bai iya haɗa baƙi ba. Matar da ke gefe da ƙafa ta taho daga Bama da goyo a baya. Malamin da zai ce "Kukawa ta faɗi, jama'a suka watse" a numfashi ɗaya, yana magana ne a gaban mutanen da suka san abin da ke cikin wannan watsewar: wa aka ɗauka, wa aka bari a ɗaki don ba ya iya tafiya, wane ruwa aka sha a hanya. Gani ya kori ji. A wannan fanni ɗaya dai, masu kujerun baya sun fi mai lacca sani.

Wannan ya sauya har yadda tsohon tarihin ke shiga kunne. Ibn Furtu ya rubuta, cikin yabo, yadda Alauma ya karya mutanen So na Gafata: ya kafa sansani kusa da su, ya sa aka sare itatuwansu, aka riƙa lalata amfanin gonarsu kafin su girbe, har yunwa ta fito da su. A da wannan dabarar yaƙi ce kawai, a rubuta a littafi saboda jarrabawa. Ka karanta wa manomin Zabarmari wannan shafi yau ka dubi fuskarsa. Ban ce a haɗa Alauma da 'yan ta'adda a ma'auni ɗaya ba, Allah ya kiyaye. Shi sarki ne mai gina ƙasa, ya yi masallatai da jan bulo, ya ƙarfafa alƙalai, kuma zamaninsa daban ne. Abin da nake cewa shi ne, a yaƙinsa ma akwai mai gona, kuma liman bai tambaye shi yadda ya kwana ba. Wancan rabin da ba a rubuta ba shi ne tsofaffin mata ke riƙe da shi a tsakar gida, shi ya sa labarinsu bai taɓa dacewa da na gidan tarihi ba ko da a kan Rabe ɗaya suke magana.

A Nuwamban 2017 kwamishinan yaɗa labarai da al'adu na Borno na lokacin, Dakta Mohammed Bulama, ya sanar da shirin mayar da wurin da Markaz take, cibiyar Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram na farko, gidan tarihi. Ƙura ta tashi. Wasu suka ce za a buɗe wa masu kewar mutumin wurin ziyara ne, wasu suka ce mantuwa ta fi wannan haɗari. Kowa da gaskiyarsa, amma ni ina ganin an kafa gardamar a kan gini, alhali abin tambaya shi ne labarin wa za a ajiye a ciki. A Umuahia akwai gidan tarihin yaƙi na ƙasa, wanda aka kafa a 1985. Mai ziyara zai ga jiragen sama, da jirgin ruwa, da motocin sulke da 'yan Biyafara suka ƙera, da bam ɗin nan nasu Ogbunigwe, ya fita yana mamakin ƙarfe, alhali yunwa ce ta fi cin mutane a wancan yaƙi. A Kigali kuwa, wurin tunawa da kisan kiyashin Ruwanda da aka buɗe a 2004, inda aka binne sama da mutum 250,000, akwai ɗakin da hotunan yara ne a ciki, kowane da sunansa da shekarunsa da abincin da ya fi so. Ba wanda ke fita daga nan yana sha'awar adda.

Masu cewa a bari a gama yaƙi tukuna, su ma akwai amsarsu. Babban gidan tarihin yaƙi na Landan a 1917 aka kafa shi, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko ba a san wa zai ci ba, kuma tun farko aka ce a tattaro kayan ƙaramin soja da na matan da ke aiki a masana'anta, ba na janar-janar kaɗai ba. Sun gane cewa in aka jira, abin da za a tarar shi ne igwa da lambar yabo, don su ne ba sa ruɓewa.

Tsorona ke nan. In muka cika ɗaki da bindigogin da aka ƙwato da baƙaƙen tutoci da ƙonannun motoci, mun maimaita abin da aka yi da zamanin Rabe. Nan da shekara ɗari malami zai tsaya ya faɗi sunan Shekau, magajin Yusuf, da mutuwarsa a dajin Sambisa a Mayun 2021, ya lissafa ayyukan soja na Lafiya Dole da Haɗin Kai da shekarun da aka sauya musu suna, yara su rubuta, ba wanda zai san sunan ko mutum ɗaya daga cikin 43 ɗin nan. Soja ma bai tsira daga wannan ba. Ana tuna Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali da aka kashe a Malam Fatori a Nuwamban 2016, kuma ya cancanci a tuna shi, amma maƙabartar Maimalari cike take da kuratan da suka zo daga Binuwai da Oyo da Kuros Riba suka mutu a ƙasar da ba su jin yarenta.

Na san abin ba sauƙi. Tun bayan 2021 dubban mayaƙa da iyalansu sun miƙa wuya, tubabbu na zaune a garuruwa, wani yana sayar da kayan miya kusa da matar da ya mayar bazawara. Akwai kuma iyayen da aka kwashe 'ya'yansu a samame ba su sake jin ɗuriyarsu ba. Ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto a kan haka a Yunin 2015, rundunar soja ta musanta, iyayen kuma har yau suna jira. Kato-da-gora sun ceci Yerwa, kuma akwai gidajen da ba a son jin sunansu. Duk waɗannan za su zauna a tabarma ɗaya in aka buɗe taro. Ina jin wannan ne ya sa mai shirya lacca ya fi son komawa ƙarni na 16, inda ba mai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ba haka aka yi ba, ina wurin." Amma ɗaga hannun nan shi ne abin da tarihin Rabe ya rasa, shi ya sa muka dogara da rahoton hafsoshin Faransa da na Ingila a kan abin da ya sami kakanninmu.

Lokaci kuma ba ya jira. Ambaliyar madatsar Alau ta 10 ga Satumba 2024 ta shiga fadar Shehu, ta shiga asibiti da kasuwa da gidajen Jere, ta nuna mana cewa takardar da ke cikin akwati a ƙarƙashin gado dare ɗaya ya ishe ta. Hotuna sun tafi, katunan sansani sun tafi, wasiƙu sun tafi. Tsofaffin da suka ji labarin Rabe daga bakin waɗanda suka gan shi kuwa saura ƙalilan.

Don haka roƙona ga hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, da sashen tarihi na Jami'ar Maiduguri, da Jami'ar Sojoji ta Biu, da majalisar ƙaramar hukumar Jere, shi ne a fito da laccar daga cikin gari. A kawo ta Khaddamari bayan girbi, a filin firamare, da izinin lawan da su bulama, a yi ta da Kanuri da Larabcin Shuwa da Hausa. Malam ya yi rabin sa'a a kan Alauma ko Rabe, don yara na bukatar wannan alfaharin, sannan ya miƙa makirufo ya zauna ya buɗe littafinsa na rubutu. Mata a yi musu nasu zaman daban, mata su ɗauki muryarsu, don akwai abin da ba za a faɗa a gaban suruki ba. Wanda ya ce a sakaya sunansa a sakaya. Wayar hannu ta isa ɗaukar murya, abin da ake bukata shi ne amana da wurin ajiya fiye da ɗaya, wanda ruwa ba ya kaiwa. A fara da rubuta sunayen mutum 43 da aka binne a Zabarmari, da garuruwansu da waɗanda suka bari. Iyalansu na nan da rai, kuma daga Khaddamari ba nisa.